Ranar da Na Ɗinke Kaina a Jikin Bargon Amarya

A unguwarmu da ke cikin birnin Kano muna da ƙungiyar mata takwas wadda ta fara a matsayin adashe, daga baya ta rikiɗe ta koma ta ɗinki, domin shugabarmu Hajiya ba ta iya ganin ƙyalle a ƙasa ta wuce shi. Da aka sa ranar bikin 'yar ɗaya daga cikinmu a farkon hunturu, sai Hajiya ta ce gudummawarmu ita ce bargo na haɗe-haɗen guntayen atamfa. Ta yi lissafi a bayan kwalin sabulu: gida 80 masu kusurwa huɗu, jeri 10 na takwas-takwas, kowace mace ta yanko gida 10, kowane gida tsawonsa goma, faɗinsa goma.

Ni ce na fi kowa ɗoki, kuma ni ce na fi kowa ƙarancin sanin ɗinki, abin da ban taɓa yarda da shi a bainar jama'a ba. Na je wurin telan unguwa na roƙi ragowar atamfofin sallah, ya cika mini leda har baki. Da daddare na shimfiɗa tabarma, na ɗauko almakashi da tef ɗin awo, na yi ta auna goma ina yankawa. Da na ga gidajena sun cika ƙyallayen ba su ƙare ba, sai na ci gaba da yanka sauran don nuna himma, har na daddatse ledar gaba ɗaya.

Ranar Asabar muka hallara a tsakar gidan Hajiya. Kowa ta zaro nata kamar faifai, ni kuwa na zaro nawa kamar tafin hannun yaro. Hajiya ta ɗaga ɗaya da yatsu biyu, ta gyara tabarau, ta ce, "Ƙanwata, bargon amarya muke yi ko na 'yar tsana?" A nan na gano cewa tef ɗin awo fuska biyu ne da shi, ɗaya inci, ɗaya santimita, kuma santimita 10 ko inci 4 bai cika ba. Aka gwada aka ga sai an haɗa tara daga cikin nawa kafin su yi gida ɗaya na mutane. Kwana uku na yi a kan tsohon keken Butterfly na Hajiya ina harhaɗa abin da na daddatse da hannuna, ƙafafuna suna takawa, sauran mata suna shigowa yi mini sannu da murmushin da ban gamsu da shi ba.

Da fuskar bargon ta haɗu, sai aka shiga aikin hannu. Aka shimfiɗa yadin baya da muka sayo a Kantin Kwari, aka ɗora tsohon bargo mai laushi a tsakiya, aka rufe da atamfofin, sannan muka zauna muka kewaye shi, kowa ta ja gefenta bisa cinya tana soka allura ta ratsa duka ukun. Na ƙudura cewa a wannan rana zan wanke sunana. Na ɗauro sabon zanena, na sunkuyar da kai, ban sa baki a hirar kayan lefe ba, ban ko ɗaga ido ba da aka kawo zoɓo. Na lura cewa gefena ya fi na kowa tauri wajen shigar allura, amma na ɗauka ingancin aikina ne.

Da aka kira sallar la'asar na miƙe da sauri don in riga kowa alwala, sai bargon ya miƙe tare da ni. Ya zame daga cinyoyin mata bakwai, ya kwashe gwangwanin allurai, ya tuntsurar da kofuna uku na zoɓo, zanena kuma ya fara neman hanyar rabuwa da ni. Na durƙushe na damƙe ƙugu da hannu biyu ina salati, uwar amarya kuwa ta kwanta a tabarma tana dariya har da hawaye.

Hajiya ba ta yi dariya ba. Ta juya bargon, ta bi ɗinkina da yatsa, ta daɗe tana dubawa, sannan ta sanar da cewa tun da muka fara ba ta ga ɗinki mai kyau da ƙarfi irin wannan ba, don haka ba za a farke shi ba. Na ce, "Hajiya, zanen fa sabo ne, sau ɗaya na ɗaura shi." Ta ce bargon ma sabo ne, ta miƙa hannu aka ba ta almakashi.

Na koma gida a A Daidaita Sahu cikin doguwar hijabin aro, ina riƙe da ƙugu har ƙofar gida. Da muka je ganin ɗakin amarya na faki ido na ɗaga gefen bargon, na tarar da guntun zanena a bayansa, tsawon kamu biyu, Hajiya har ta kalmashe masa baki.