Ni Ba Dillali Ba Ne

Tun da Malam Nasiru ya dawo daga seminar kwana uku a Abuja ya hana kowa kiransa da sunan yanka. Kwansoltan za ka ce, ko ya yi kamar bai ji ba. Ya kama shago a Mabera, ya kafa allo, ya ɗauki Shamsu yaron shago, ya sa kwat. Kwat fa, a Sakkwato, cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40 har ƙadangare na neman inuwa. Sakkwatancin ma ya baro shi a Abuja, yanzu Hausar rediyo yake yi.

Kwansoltan: Shamsu, ɗauko biro. Ɗabi'ar farko ta mai samo wa kamfanoni ma'aikata ita ce sammako. Ƙarfe bakwai ta same ka a ofis.

Shamsu: Yallaɓai, yanzu sha ɗaya saura kwata, kuma yanzu ka shigo.

Kwansoltan: Ni na riga na yi nasara, kai ake koya wa. Ta biyu, sauraro. Ka bar mutum ya gama maganarsa.

Shamsu: Yallaɓai, dama tun ɗazu...

Kwansoltan: Kada ka katse ni ina koya maka sauraro!

Sai ga Baba Tunau, wanda ya tsufa a Kara, kasuwar dabbobi, da sanda da goro a kunci.

Baba Tunau: Salamu alaikum. Nan na shagon sabon dillali?

Kwansoltan: Wa alaikumus salam. Baba, ba dillali ba. Kwansoltan.

Baba Tunau: Kwan mi?

Kwansoltan: Kwansoltan. Ƙwararre.

Baba Tunau: To madalla. Mi kaka yi, ɗana?

Kwansoltan: Kamfani na neman ma'aikaci, ma'aikaci na neman kamfani, ni in haɗa su.

Baba Tunau: In ka haɗa su a ba ka ɗan wani abu?

Kwansoltan: Kwamisho.

Baba Tunau: La'ada.

Kwansoltan: Kwamisho, Baba.

Baba Tunau: La'ada mai kwat. Shekara arba'in ina haɗa mai sa da mahauci, ashe ni ma kwan nan nike, ba a hwaɗa min ba.

Kwansoltan ya share gumi da hannun kwat, ya nuna takardar shaidar semina da ya manna a bango. (Firam ɗin ya fi takardar tsada, mai firam ne ya gaya min.)

Kwansoltan: Bambancin shi ne ilimi. Mu muna da rumbun bayanai a kwamfuta, muna neman mutane a LinkedIn, shafin ma'aikata da masu neman aiki a intanet. Shamsu, kunna wa Baba ya gani.

Shamsu: Ba wuta tun shekaranjiya, Yallaɓai. Janareta ba mai. Data ma jiya ta ƙare, abin da nake son faɗa ke nan tun ɗazu.

Baba Tunau: Nawa rumbun ga shi nan ƙarƙashin hula. Na san wa ad da saniya mai ciki a Achida, na san wa ka neman ragon suna a Runjin Sambo. Kuma in sa na da ɗingishi, ni ka hwara hwaɗi kahin mai saye ya gani. Ka ɓoye aibi yau, ran kasuwar Illela ko sallamarka ba a amsawa.

Kwansoltan: Wannan ai shi muke kira gina amana. Rana ta biyu aka koya mana, bayan cin abinci.

Baba Tunau: Nawa kab biya?

Kwansoltan: Ba maganar kuɗi ake ba. Shamsu, karanto wa Baba tallar aikin Alhajin da muke nema wa ma'aikaci, ya ji irin matakin da muke.

Shamsu: Ana neman akawu. Digiri, takardar bautar ƙasa, ƙwarewar shekara 10, kada ya wuce shekara 26 da haihuwa.

Baba Tunau: Maraƙi suka so mai ƙahon bijimi.

Shamsu: Ni ma na lissafa, Baba. Sai dai in tun yana sakandare ya fara aikin. Ni digirin shekara huɗu sai da ya ci min shida, ga korona, ga yajin aikin 2022 na wata takwas. Albashin kuma dubu arba'in.

Baba Tunau: Ba dubu saba'in gwamnati tac ce ba?

Kwansoltan: Tun 2024 ma. Amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, Alhaji kuwa 24 gare shi. Sauran goma sha ɗayan 'yan uwa ne, taimako suke yi.

Duk da haka mutum 120 suka kawo takardu, har da mai digiri na biyu. Shamsu ne ya karanta su duka a hasken tocilan, Kwansoltan ya sa hannu.

Waya ta yi ƙara. Kwansoltan ya miƙe tsaye, ya gyara kwat, kamar Alhaji na ganinsa.

Kwansoltan: Ranka ya daɗe! Mun tace, mun yi intabiyu, ga mutum uku zaƙaƙurai... Na'am? An ɗauka? Ƙanen Hajiya? Ai tarihi ya karanta, ranka ya daɗe... To, Allah ya sa albarka. Maganar kwamisho fa... Hello? Hello?

Shiru. Har ƙarar taunar goron Baba ana ji.

Kwansoltan: Shamsu, rubuta. Ɗabi'a ta uku, juriya.

Shamsu: In kira mutum ukun in gaya musu?

Kwansoltan: Da wane kati? Ai an ce musu za su ji daga gare mu.

Baba Tunau: Su yi ta ji har tashin alƙiyama. Mu ko ciniki ya ɓaci, sai ka taka ka iske mai dabba ka ba shi haƙuri, don gobe ma kasuwa ta. Kai yaro, ka iya lissahi?

Shamsu: Shi na karanta, Baba.

Baba Tunau: Abin da yak kawo ni ke nan. 'Yan ƙungiyarmu na son mai riƙe littahi da injin POS. Dubu tamanin, da hura da rana. Ba mu tambayar wa yat turo ka.

Shamsu ya ajiye biro a hankali, ya ɗauki hularsa.

Kwansoltan: Kai Baba, tsaya hwa! A shagona kag gan shi! Ni nir rene shi! Ina la'adata?

Baba Tunau: A'a, Sakkwatanci ya dawo? La'ada ta dillali ta, ɗana. Kai ko kac ce kai ba dillali na ba.

Kwansoltan: To... kwamisho.

Baba Tunau: Ba mu da shi a Kara.

Kwansoltan ya dubi takardar bango, ya dubi janareta, ya fara cire kwat hannu ɗaya, ya fasa, ya mayar.

Kwansoltan: Baba, in anka ce ƙwararren dillali hwa?

Baba Tunau: Tuɓe kwat ka biyo mu, akwai wata akuya da taƙ ƙi sayuwa tun sahe.