Pollard ya cancanci lamba 10, amma ba a yi wa Libbok adalci ba

Tun jiya Alhamis da Afirka ta Kudu ta fitar da sunayen 'yan wasa 23 da za su kara da New Zealand a wasan ƙarshe na Kofin Duniya na zari-ruga da ake yi a Faransa, hankalina ya ƙi kwanciya. Na san gobe Asabar, 28 ga Oktoba, 2023, yawancinku idonku na kan Barcelona da Real Madrid, da dare kuma a koma kan damben Fury da Ngannou. Amma mu 'yan ƙalilan da muke bin zari-ruga, ku matso kusa. Sauran ku ma ku daure ku karanta, zan yi bayani yadda kowa zai gane abin da ke damuna.

A wasan nan mutum goma sha biyar ne a fili. Takwas su ne ƙartin gaba, masu turereniya da kokawar ƙwace ƙwallo. Bakwai 'yan baya ne, masu gudu da bugu. A benci ana ajiye mutum takwas, kuma abin da aka saba shi ne ƙarti biyar, 'yan baya uku. A 2019 Rassie Erasmus, kocin Afirka ta Kudu a lokacin, ya mayar da shi shida da biyu, ya ci kofi da shi a Japan. To jiya shi da koci Jacques Nienaber sun ajiye ƙarti bakwai da ɗan baya guda tilo, Willie le Roux. Handré Pollard zai fara a lamba 10, wato mai tsara wasan 'yan baya, Faf de Klerk a lamba 9. Manie Libbok da Cobus Reinach, waɗanda su ne suka fara wasa a waɗannan lambobi a karawa da Faransa da kuma Ingila, ko a benci babu su. A cikin 'yan kallo za su zauna.

Bari in fara da abin da na yarda da shi, don kada a ce son Libbok ne ya rufe mini ido. Farawa da Pollard daidai ne. Da tsohuwar zuma ake magani. Mutumin nan shi ya ci maki 22 cikin 32 da aka lallasa Ingila da su a wasan ƙarshe na 2019 a Yokohama. A bana ma ba ya cikin tawagar farko saboda ciwon sha-raɓa, sai da Malcolm Marx ya ji rauni a gwiwa aka kira shi, alhali abin da ya buga wa Leicester bayan jinya bai wuce rabin sa'a ba. Da yawa daga cikinmu mun yi gunaguni a lokacin. Sai ga shi ranar Asabar da ta wuce, a wasan kusa da na ƙarshe, ana tafka ruwa a Stade de France, Ingila na gaba da maki 15 da 13, saura minti biyu ko uku a tashi, ya ajiye ƙwallo kusa da tsakiyar fili ya auna ta tsakanin sanduna kamar yana atisaye. Aka tashi 16 da 15. Duk kocin da ya ga wannan ya kuma zaunar da Pollard a wasan ƙarshe, to ya yi wa ƙasarsa laifi. A kan wannan ba ni da ja.

Inda na tsaya shi ne a fitar da Libbok daga cikin 23 ɗin gaba ɗaya.

Daren jiya na kira wani yayana da ya yi karatu a Afirka ta Kudu, wanda a wurinsa na koyi kallon wasan nan tun ina yaro. Ko gama gaisawa ba mu yi ba ya ce, “Ƙanena, na san abin da ya sa ka kira. Wasan ƙarshe ba wurin tausayi ba ne. Yaron nan an cire shi a minti na 31 da Ingila, kowa ya ga dalili.” Na ce, “Yaya, Allah ya ba ka haƙuri, ni ba tausayi ya kawo ni ba. Lissafi nake yi.” Muka kwashe kusan awa guda, bai sauko ba, ni ma ban sauko ba.

Gaskiya ne Libbok bai yi wasa mai kyau da Ingila ba. Ƙwallo ta jiƙe, bugunsa ya ƙi tafiya inda yake so, Ingila kuwa ta mayar da wasan na cilla ƙwallo sama kawai. Na ga lokacin da ya juya ya nufi benci cikin ruwan nan tun ba a je hutun rabin lokaci ba, kuma na san kocin bai yi kuskure ba. Gaskiya ne kuma a wasan Ireland da aka sha kashi 13 da 8, maki goma sha ɗaya aka zubar a bugun sanda. Amma mutane sun manta cewa biyar ne kawai nasa a ciki, sauran shidan daga ƙafar Faf de Klerk suka zube, kuma ga Faf nan zai fara wasa gobe babu mai cewa uffan.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake auna ɗan wasa da rabin sa'arsa ta ƙarshe, a shafe duk abin da ya gabata. Wa ya buga ƙwallon nan da Scotland a Marseille, yana kallon wani gefe ƙafarsa na aika ta wani gefe, ta faɗa hannun Kurt-Lee Arendse yana cikin gudu har ya dire ta bayan layi? Libbok ne, kuma shi aka ba gwarzon wasan. A karawa da Faransa, wadda aka ci 29 da 28, ƙwallayen da shi da Reinach suka riƙa cillawa sama ne suka ruɗa 'yan bayan Faransa har aka samu direwa biyu a rabin farko. Ba don su ba, da tun kafin hutu masu masaukin baƙi sun yi nisan da ba a kamo su. Sannan a Twickenham ranar 25 ga Agusta, ranar da aka yi wa New Zealand 35 da 7, dukan da ba a taɓa yi mata irinsa ba a tarihi, wa ke sanye da lamba 10? Shi ne dai. An dire ƙwallo sau biyar, bugun ƙari biyar ɗin, wato bugun sandan da ake yi bayan kowace direwa, duk sun shiga. Masu cewa ƙafarsa na rawa idan wuta ta yi wuta su tuna wasan kusa da na ƙarshe na gasar kulob-kulob ta URC a 2022, lokacin da ya buga wa Stormers bugun ƙari daga gefen fili bayan lokaci ya cika, suka fitar da Ulster da 17 da 15. Yaron da ya taso daga Humansdorp, ya zaga ƙungiyoyin Bulls da Sharks ba a ga amfaninsa ba sai a Stormers ta Cape Town, wanda ko shekara bai cika da fara sa rigar ƙasa ba, shi ya riƙe ƙungiyar nan duk watannin da Pollard ke jinya.

Amma a ajiye batun hakki a gefe, tunda Yaya ya ce babu tausayi. A dubi wasan kansa.

New Zealand ba Ingila ba ce. Ingila ta ci maki 15 ba tare da ta dire ƙwallo ko sau ɗaya ba, duk daga ƙafar Owen Farrell. Su kuwa waɗannan, tun da Faransa ta doke su 27 da 13 a wasan buɗe gasa suka farka. Sun zuba wa Italiya 96, sun fitar da Ireland 28 da 24, sun yi wa Ajantina 44 da 6. Will Jordan kaɗai ya dire ƙwallo sau takwas a gasar nan, ya kamo Jonah Lomu da Bryan Habana da Julian Savea. A watan Yuli a Auckland, cikin minti ashirin na farko suka gama da Afirka ta Kudu, aka tashi 35 da 20. To a ce gobe irin haka ta faru, saura minti ashirin ana bin ka maki goma sha biyu. Bugun sanda mai maki uku-uku ba zai fitar da kai ba. Kana buƙatar wanda zai buɗe fili, ya jefa doguwar ƙwallo ta tsallake mutum uku ta isa hannun 'yan gefe, Cheslin Kolbe ko Arendse. Mutum ɗaya ne a tawagar nan ya fi kowa iya wannan, kuma an ce ya sa kwat ya zauna a sama.

Sai batun lafiyar Pollard. Tun da ya dawo bai buga minti 80 cikakku ba ko sau ɗaya a gasar nan. Da Tonga an canza shi, da Faransa da Ingila daga benci ya shigo. Gobe ana so ya yi 80, watakila ma 100, domin wasan ƙarshe yakan kai ƙarin lokaci. Waɗannan ƙasashe biyun dai sun kai a 1995 a Ellis Park, sai da Joel Stransky ya raba gardama da 15 da 12. Idan sha-raɓar nan ta motsa a minti na 50 fa? Sai a ɗauko Damian Willemse daga lamba 15 a kawo shi 10, le Roux ya shiga baya, shi ke nan benci ya ƙare.

Lamba 9 ta fi tayar mini da hankali. Wanda bai san wasan ba, ya ɗauka cewa mai lamba 9 shi ne ke zaro ƙwallo daga ƙarƙashin tulin ƙarti ya miƙa wa 'yan baya, sau da dama a cikin minti guda, kuma shi ke yawan bugun da ke fitar da ƙungiya daga gidanta. Sana'a ce ta kanta. Faf kuwa ɗan ƙaramin mutum ne da ba ya tsoron cusa kansa a ƙafafun wanda ya ninka shi nauyi. A zamanin nan da ko ɗan karo aka yi da kai sai likita ya fitar da kai a duba, ga katin gargaɗi mai zaunar da mutum minti goma, an ce idan ya fita Cheslin Kolbe ne zai riƙe wurin. Kolbe gwani ne, shi ya tare bugun Thomas Ramos da ya zama bambancin wasan Faransa. Amma ɗan gefe ne. Ka matsar da shi ka yi asara biyu: ka rasa mafi haɗarin ɗan gudunka a gefe, ka kuma sa wanda ba aikinsa ba ne ya fuskanci Aaron Smith, mai lamba 9 na New Zealand. Sun ce ya yi atisaye a wurin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma duk wannan ana yin sa ne a kan wata cacar da aka riga aka yi. Da Marx ya ji rauni, mai lamba 2 ne ya fita amma mai lamba 10 aka kawo, aka bar Bongi Mbonambi shi kaɗai a matsayin wanda lamba 2 ce sana'arsa ta yau da kullum. Shi ke jefa ƙwallo daga gefe, shi ke tsakiyar turereniya, kuma kusan duk wasanni biyun da suka wuce a fili ya ƙare su. Mai jiran gadonsa Deon Fourie ne, ɗan shekara 37, wanda ya fara da lamba 2 amma ya daɗe da komawa layin baya na ƙarti. Ina girmama dattijon nan ƙwarai. Sai dai ƙarti bakwai a benci, babu ko ɗaya da jifan gefe ne abincinsa na kullum.

Na san hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Ƙartin nan sun gaji. Wasa biyu a jere aka ci da maki ɗaya-ɗaya, New Zealand kuma ta fi su hutun kwana guda bayan wasan da ba ta sha wahala ba. Ana hasashen ruwa a Faris. Sannan benci ne ya ceci wasan Ingila: Ox Nché ya shigo ya riƙa tura turereniyar Ingila baya har alƙalin wasa ya yi ta busa musu laifi, RG Snyman ya dire ƙwallo, laifin ƙarshe da Pollard ya buga ma daga turereniya ya fito. Duk na yarda. Amma wancan bencin biyar da uku ne. Da ƙarti biyar aka yi wannan aikin, kuma 'yan baya ukun da suka shigo, Pollard da Faf da le Roux, su suka juya akalar wasan. Da a ce bakwai da ɗaya aka ɗauka ranar, wa zai canji Libbok a minti na 31?

Shi kansa tsarin bakwai da ɗayan sau biyu aka gwada shi. Na farko a Twickenham, kuma dole ce ta kawo shi, le Roux ne ya janye dab da wasa aka sa Kwagga Smith. Wasan share fage ne, New Zealand kuma ta yi fiye da rabinsa da mutum goma sha huɗu bayan an kori Scott Barrett. Na biyu da Ireland, aka sha kashi.

Da ni ake tambaya, shida da biyu zan ɗauka. Fourie, Nché, Nyakane, Snyman, Kwagga, da ɗaya tsakanin Jean Kleyn da Jasper Wiese, sai Reinach da Libbok. Willemse na iya komawa tsakiya idan an ji rauni a can, Kolbe ya san lamba 15 tun yana Stormers, Kwagga kuma da ya fito daga wasan mutum bakwai-bakwai zai iya toshe gefe. Ƙarti shida sun isa su sabunta turereniya, kuma kowace lamba mai muhimmanci tana da mai ita.

Yaya ya rufe wayarsa da cewa, “Rassie ya fi ni da kai sanin 'yan wasansa.” Na ce haka ne, Yaya. Ina tare da kyaftin Siya Kolisi da mutanensa gobe da zuciya ɗaya, ina so kofi na huɗu ya zo nahiyar nan kafin ya je New Zealand, kuma ina roƙon Allah ya sa kada ko ɗaya daga abubuwan da na lissafa ya faru. Ƙarfe takwas na dare agogon Najeriya da Nijar alƙalin wasa Wayne Barnes zai busa. Daga nan har a tashi, duk lokacin da Faf ko Bongi ya faɗi ƙasa, ba zan numfasa ba sai na ga ya miƙe.