Hasken Almasihu ma yanzu farashi uku ne?

To madalla. Mun kai matakin da hasken Almasihu ya shiga kasuwa, har da farashi kala uku: ƙaramin kyandir na talaka, matsakaici na mai ɗaukar albashi, sai babba mai zanen ruwan gwal na masu hannu da shuni. Duk kun ga bidiyon nan da ke yawo na wata majami'a inda ake sayar wa masu sujada waɗannan kyandirori, ba sai na sake ɗora shi ba, kuma kada wanda ya biyo ni yana tambayar sunan majami'ar, ba zan faɗa ba. Wanda ya sani ya sani. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne maganar mai riƙe da makirufo, wai gwargwadon girman kyandirinka, gwargwadon nisan da haskenka zai kai a bana. Jama'a suka ɗauki amin har kwanon rufi yana amsawa. Amin ɗin me, 'yan'uwa?

Ku koma ku sake kallon bidiyon, ku bar kallon bagade, ku dubi gefen hagu. Akwai wata Mama da ɗankwalin Zumuntar Mata, ta kwance haɓar zaninta tana ƙirga tsofaffin takardun kuɗi, ta ƙirga ta sake ƙirgawa, aka miƙa mata ƙaramin. Da ta nufi gaba sai wani saurayi mai kwat ya tare ta da hannu, ya nuna mata baya, don layin gaba na masu babban kyandir ne. Ta juya ba ta ce uffan ba, tana kare harshen wutar da tafin hannunta kada iskar fanka ta kashe mata. Sa'ar uwarsa ce fa. A bayanta fitilu ja da kore da shuɗi suna ta walƙiya, injin hayaƙi yana ta busa, ka rantse gidan rawa ne.

Ni dai abin da na karanta a Littafi Mai Tsarki, aikin haske shi ne ya nuna hanya. Shi ke nan. Ba a ba mu shi don mu zauna muna kallonsa ba, balle mu sa masa farashi.

Zabura 119:105 da muka haddace tun muna ajin Lahadi ta ce maganar Allah fitila ce ga ƙafafunmu, haske ce a kan hanyarmu. Ƙafafu aka ce. Fitilar zamanin da aka rubuta wannan zabura 'yar ƙarama ce ta yumɓu, tana zama a tafin hannu, a zuba mata man zaitun a sa lagwani. Masu tonon kayan tarihi sun haƙo irinta ba iyaka a ƙasar Isra'ila da Falasɗinu. Ba ta haska gari, ba ta haska unguwa. Iyakarta ta nuna maka inda za ka sa ƙafa yanzu, in ka taka ta nuna maka na gaba. Mai zaburar bai ce ya ga ƙarshen shekara ba, cewa ya yi ya ga inda zai taka, kuma wannan ya ishe shi.

A jeji ma haka. Fitowa 13:21 ta ce Ubangiji yana tafe gaban Isra'ilawa, da rana cikin al'amudin girgije, da dare cikin al'amudin wuta, domin su iya tafiya dare da rana. Ka duba Littafin Ƙidaya sura 9 ka ga yadda abin yake aiki: in girgijen ya tashi su tashi, in ya tsaya su tsaya, ko kwana biyu ne, ko wata guda, ko fiye. Babu wanda ya je wurin Musa ya ce ga azurfa, a matso mini da wutar kusa da alfarwata. Mai garken shanu da wanda ba shi da ko akuya wuta ɗaya suke bi, kuma ita ke gaba, su suna baya.

Duk wanda ya taɓa tuƙi da dare a hanyar Kaduna zuwa Zariya ya san bambancin. Fitilar motarka tana kallon kwalta, ita ke nuna maka rami da kwana. Amma bari wata babbar mota ta taho ta dalle maka cikakkiyar fitila a ido. Haskenta ya ninka naka sau nawa, amma a wannan lokacin ba ka ganin komai, sai dai ka riƙe sitiyari kana kiran sunan Yesu. Abin da na gani a bidiyon nan ke nan: an dalle wa mutane fitila a ido, sun fito ba su san inda za su taka ba, kuma aljihu ya yi sauƙi.

Na san masu kare Baba Faston majami'ar sun riga sun wasa wuƙa. Na farko zai ce kada ka taɓa shafaffe na Ubangiji. Ban taɓa kowa ba, farashi na taɓa. Na biyu zai ce ai 'yan Katolika ma suna kunna kyandir. Ƙwarai kuwa, kuma ka je ka ga yadda suke yi a daren Asabar kafin Ista. A kashe fitilun majami'a duka, a hura wuta a waje, a kunna babban kyandir guda ɗaya, a shigo da shi cikin duhu. Daga shi na kusa zai kunna nasa, ya juya ya kunna wa na bayansa, har wutar ta kai wurin wanda ke tsaye a bakin ƙofa. Kyandirin da ke hannunka kuɗin kyandir ka biya a shago, wutar kuwa kyauta ta zo maka, kyauta za ka miƙa. Wanda ya tsara wannan ya fahimci bishara. Ku kuwa kun ɗauki kyandir ɗin kun bar ma'anar.

Na uku zai ce dizal ya yi tsada, janareta ba ya shan addu'a. Gaskiya ne. To a tashi a gaban ikkilisiya a ce 'yan'uwa, muna neman kuɗin mai, a zagaya da kwanon baiko. Wa ya taɓa ƙin bayarwa? Matan da suka gina rabin majami'un Arewa da kuɗin ƙosai da kunun zaƙi ba za su gagara sayen dizal ba. Amma ka ce wa gwauruwa makomarta tana cikin girman kakin da ta saya, wannan ba neman kuɗin mai ba ne, kuma kai ma ka sani.

Har wani ya rubuto mini wai a misalin budurwai goma ai cewa aka yi su je wurin masu sayarwa su sayi mai, saboda haka sayarwa tana cikin Littafi. Ranka ya daɗe, ka ƙarasa karanta Matiyu 25 ɗin mana. Waɗanda suka tafi sayayyar su ne suka dawo suka tarar an rufe ƙofa. In kana neman wanda ya zo da kuɗi don ya sayi abin Allah, yana nan a Ayyukan Manzanni sura 8, Siman mai sihiri na Samariya, kuma ka san amsar da Bitrus ya ba shi: kuɗinka su hallaka tare da kai. Bitrus bai ce masa kawo rabi ba.

Sai masu cewa ina tona asirin ikkilisiya a gaban waɗanda ba Kirista ba. Wane asiri? Ku da kanku kuka ɗauka da waya kuka watsa a Facebook da TikTok. Maƙwabcina Musulmi ne ya fara nuna mini, bai ma yi dariya ba, tambayata kawai ya yi ko haka addinin ya ce. Afisawa sura 5 ta ce kada mu haɗa kai da ayyukan duhu, sai dai mu tone su, gama haske ne ke bayyana kowane abu. Ba zai yiwu ku yi taro a kan haske, sa'an nan ku ce a rufa muku asiri ba.

Bari in ajiye gatse in yi magana tsakani da Allah, don abin yana mini ciwo. Lokacin da Yesu ya ce shi ne hasken duniya a Yohanna 8:12, a Urushalima yake, a kwanakin Idin Bukkoki. Littattafan malaman Yahudawa sun ba da labarin manyan fitilun da ake kunnawa a farfajiyar mata ta Haikali a lokacin wannan idi, har haskensu yana kaiwa gidajen birnin. Aya ta 20 kuma ta gaya mana daidai inda yake tsaye: wurin baitulmali, inda ake zuba baiko. Ga akwatunan kuɗi a gefensa, ga taron jama'a, in da akwai ranar da ta dace a sayar da haske ai ranar ce. Bai nemi ko anini ba. Abin da ya ce shi ne wanda ya bi shi ba zai yi tafiya cikin duhu ba. Bi, da tafiya. Maganar hanya ce dai har yanzu.

Kuma mutanenmu hanya suke nema, wallahi. Yaron da aka ƙone gidansu a rikici, yana kwana yana tashi da tunanin ramuwa, yana bukatar wanda zai zaunar da shi ya buɗe masa Romawa 12 ya ce ɗana, ramuwa ta Ubangiji ce, kada ka bi ta nan. Yarinyar da ake matsa wa ta auri mai kuɗin da ta san yana dukan mata tana bukatar dattijuwar da za ta gaya mata gaskiya. Magidancin da aka kawo wa takarda a ofis aka ce sa hannu a raba da kai yana bukatar ya tuna wa'azin ranar Lahadi ya ajiye biro. Wannan ita ce fitila ga ƙafafu. Wanne daga cikinsu babban kyandir mai ruwan gwal zai taimaka? Wasiƙar Yohanna ta fari 2:9 ba ta ɓoye ba: wanda ya ce yana cikin haske amma yana ƙin ɗan'uwansa, har yanzu a duhu yake. Ko da kyandir goma a hannunsa.

Iyayenmu da suka karɓi bishara a ƙasar nan ba su san fitila mai walƙiya ba. Mai bishara a ƙauye fitilar ƙwai ɗaya gare shi, ya goge gilashin da tsumma, ya rage lagwani don kananzir ya kai ƙarshen wata, ya buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka fara bugawa cikakke a 1932, yara da manya suna kewaye da shi suna koyon a, ba, ca. Daga irin wannan zama aka sami malaman makaranta da ma'aikatan jinya. Majami'ar Wusasa da aka gina da ƙasa a 1929 tana nan tsaye. Asibitin ido na ECWA da ke Kano tun 1943 yake aiki, mutum ya zo ana jansa da sanda, a cire masa yanar ido, ya koma gida da ƙafarsa, kuma ba a tambayarsa addininsa kafin a duba shi. A Galmi ta Nijar haka asibitin mishan yake yi tun 1950. Da Yesu ya ce ku ne hasken duniya a Matiyu sura 5, ai ya fassara da kansa: mutane su ga kyawawan ayyukanku su ɗaukaka Ubanku na sama. Ishaya 58:10 ta ce ka ciyar da mayunwaci, sai haskenka ya fito cikin duhu. Mu kuwa mun karɓe kuɗin cefanen mayunwacin mun ba shi kaki.

Masu son yawan fitilu kuma, ku tuna da Taruwasa. Ayyukan Manzanni 20 ta ce akwai fitilu da yawa a benen da Bulus yake wa'azi, amma hakan bai hana saurayin nan Aftikos yin gyangyaɗi a bakin taga ya faɗo daga hawa na uku ba. Shi dai ya yi sa'a Bulus yana wurin. Sa'an nan Bulus ɗin nan ne ya gargaɗi Korantiyawa cewa Shaiɗan ma yakan rikiɗa ya zo kamar mala'ikan haske. Ban ce kowa Shaiɗan ba ne, kada a je a ce na ce. Cewa na yi ƙyalli ba shaida ba ne, sai a duba ina aka nufa da mutane. Ikkilisiyar Afisa ma da take da aiki da haƙuri, an gaya mata a Ru'ya ta Yohanna 2:5 cewa in ba ta tuba ba za a kawar da alkukinta daga wurinsa. Dattawan waccan majami'a, kuna zaune a kujerun gaba ranar, na gan ku. Ku kira taro, ku mayar wa matan nan kuɗinsu.

Af, tun da na ambaci bidiyon, wa ya ba yaron nan mai kibod izinin danne muryar mawaƙa haka? Daga farko har ƙarshe ban ji kalma ɗaya ta waƙar ba, sai ƙarar ganga ta inji. Wannan cuta ta shiga har majami'armu. Zumuntar Mata su tashi da tulunsu da gora da kacau-kacau, sun kwana biyu suna koyon waƙa, sai a bi su da kibod a wani maƙami daban, Mama shugaba tana waiwaye tana harara, shi ko a jikinsa. Littafin Waƙoƙi kuma yaranmu ba su san lamba ko ɗaya a ciki ba, sai an haska musu a bango, ranar da aka ɗauke wuta kowa ya yi tsit. Shugaban mawaƙa, ina jiran ka bayan sujada ranar Lahadi, kuma ka zo da mai kibod ɗin.