Ƙuri'arka shaida ce, kada ka ɓoye ta

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Jiya bayan sallar isha'i a majalisarmu nan Gusau, wani dattijo ya ce shi da layin zaɓe har abada, ko inda katinsa yake bai sani ba. Na ce, "Baba, me ya yi zafi haka?" Ya ce sau nawa ana yi masa alkawarin tsaro, ga gonarsa can wajen Dansadau shekara da shekaru bai taka ta ba. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Gaskiya gare shi. Annabi (SAW) ya ce alamomin munafuki uku ne: in ya yi magana ya yi ƙarya, in ya yi alkawari ya saɓa, in aka ba shi amana ya ci. Duk ɗan siyasar da ya tsaya a dandali ya rantse da Allah a kan abin da ya san ba zai yi ba, ya ji tsoron tsayuwarsa gobe ƙiyama.

Amma ƙaryarsu ba ta sauke mana nauyi ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, mutum sama da miliyan 93 ke da rajista, kusan miliyan 25 kacal suka fito. Wa zamanmu a gida ya amfana? Maƙaryacin nan dai. In masu mutunci suka ƙi fita, 'yan kaɗan ɗin da suka rage sai a saye su da taliya da sabulu da turmin atamfa.

Allah Ya ce a ƙarshen Suratul Baƙara kada mu ɓoye shaida, wanda ya ɓoye ta zuciyarsa mai zunubi ce. A fahimtata, dangwala yatsa shaida ce kake bayarwa cewa wane zai riƙe amanar jama'a. Mai sayar da ita kuma ya tuna hadisin mutum ukun da Allah ba zai yi musu magana ba ranar ƙiyama, cikinsu har da wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika, in an hana shi ya warware. Na san akwai yunwa, ba na raina halin da iyayenmu mata suke ciki, amma taliyar kwana biyu ce, mulkin shekara huɗu.

Kafin mu tashi na roƙi Baba ya nemo katin nan kafin 2027. Ya yi shiru, can ya ce zai sa jikansa ya duba cikin adaka.