Dattawa masu wasan jirgin ƙasa: ni dai ina bayansu

Duk sanda bidiyon nan na ƙananan jiragen ƙasa ya zagayo a waya, inda ake nuna dattawan Turawa sun sunkuya a kan tebur suna kallon ɗan jirgi yana ratsa duwatsun kwali, maganar mutanenmu ɗaya ce: ƙoshi ne. Wai wanda bai san kuɗin buhun masara ba shi ne zai zauna da furfurarsa yana wasan yara. Na sha jin wannan a majalisu a nan Bauchi, kuma ban yarda ba. Masu faɗin haka da yawa su ne za su biya kuɗin gidan kallo su kwana suna musu a kan Arsenal da Chelsea, wasu kuma suna da ɗakin tattabaru da suke kashe wa abin da ba za su iya faɗa wa uwargida ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da bidiyo ba ya nunawa shi ne aikin da ke ƙarƙashin teburin. Komai da ma'auni ake yinsa. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya ana ce masa HO: kowane abu an rage shi sau 87, tsakanin ƙarafan dogo biyu milimita 16.5. Taragon da tsawonsa mita 20 ne zai dawo kamar santimita 23, kuma dole ƙofar tasha da sandar wuta da bishiya su bi wannan lissafi, in ba haka ba ido zai gane nan take. Mutanen Ingila sun fi amfani da OO, sau 76, akwai kuma ƙarami mai suna N, sau 160, ga wanda ɗakinsa ba shi da fili. Wutar da ke tafiyar da jirgin ta cikin dogon take bi, ƙafafun su ɗauka su kai wa ɗan injin da ke ciki, kuma yawanci ba ta wuce bolt 12 ba. Ka juya wayoyin, jirgi ya koma da baya.

Mutum ɗaya da wuya ya iya haɗa wannan duka, shi ya sa suke kafa ƙungiya. Wani kafinta ne, shi ke haɗa teburin. Wani gwanin waya da dalma. Wani fenti kawai ya iya, zai ɓata sati yana shafa wa tarago tsatsa da ƙura don kada ya yi kama da sabo. Akwai kuma wanda ba ya taɓa guduma, aikinsa bin tsofaffin hotuna da taswira, yana gardama cewa a shekara kaza wannan gadar ginshiƙi uku gare ta ba huɗu ba. Kowace ƙungiya tana da irinsa, yana da ban haushi, amma in ba shi sai a gina ƙarya. Ƙungiyar Landan tun 1910 take, har yau tana nan.

Ga wanda yake ganin ɓata lokaci ne, ya duba jami'ar MIT ta Amurka. A 1946 ɗalibai suka kafa ƙungiyar ƙananan jiragen ƙasa a can. Wasu daga cikinsu ba jirgin ne ya dame su ba, su dai a bar su a ƙarƙashin tebur suna harhaɗa tsofaffin kayan wayar tarho don sarrafa sigina da canjin layi. Da kwamfuta ta shigo jami'ar, waɗannan yaran na cikin na farko da suka rungume ta, har wasunsu suka sa hannu a Spacewar na 1962, ɗaya daga cikin wasannin kwamfuta na farko. A Hambug ta Jamus kuwa, wasu tagwaye sun buɗe gidan nunin ƙananan jiragen ƙasa mai suna Miniatur Wunderland a 2001, yanzu shi ne mafi girma a duniya, mutane na bin layi suna biyan kuɗi su shiga kallo. A 2019 wasu matasa sun fasa wata makaranta a Ingila suka farfasa kayan da ƙungiyar garin Market Deeping ta jera don baje koli, aikin shekaru ya tafi a dare ɗaya. Jama'a suka tara musu fiye da fam dubu 100, mawaƙi Rod Stewart, wanda shi ma ɗan hannu ne a harkar, ya ba da dubu 10.

To mu fa? Abin da ke ci min rai shi ne, hannun muna da shi. Wane ne a cikinmu bai yi motar kara ba, ko ta langalanga da tayar silifa? Akwai yaran da za su ƙera maka tirela da gwangwani har da fitila mai kamawa. Sai yaro ya kai shekara 13 ko 14 a fara ce masa, kai ba ka san ka girma ba? Shi ke nan ya jefar. Mun yarda babba ya yi aikin hannu in za a biya shi, amma in don sha'awa ne sai a fara tambaya ko lafiyarsa ƙalau.

Kuma muna da abin ginawa wanda babu wani Bature da zai gina mana. Layin dogon da ya taso daga Kuru kusa da Jos ya bi ta Bauchi da Gombe ya tuƙe a Maiduguri, tsakanin 1958 da 1964 aka shimfiɗa shi, zamanin Sir Abubakar Tafawa Balewa yana Firayim Minista, shi da ya riƙe ma'aikatar sufuri kafin nan. Rancen farko da Bankin Duniya ya ba Najeriya, dala miliyan 28 a 1958, don aikin reluwe ne. Kafin shi ma an yi wani ɗan siririn layi mai ɗauke da sunan Bauchi, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, daga Zariya zuwa Bukuru don kwasar kuza, wanda bai taɓa shigowa garin Bauchi ba, aka rufe shi a 1957. Yau ka tare ɗan sakandare a Wunti ka tambaye shi ko ya taɓa ganin jirgi ya tsaya a tasharmu, ka ji amsar da zai ba ka. An ƙaddamar da aikin farfaɗo da layin Fatakwal zuwa Maiduguri a 2021, mu dai a nan har yanzu kunne muke kasawa. Tsofaffin ma'aikatan reluwe kuwa, direbobi da masu sigina da masu gyaran dogo, kullum raguwa suke. A kansu ne kaɗai ake da sanin inda tankin ruwa yake, ta wane layi ake lodin gyaɗa da auduga, a ina ake ajiye taragon shanu. Ka ce wa irin wannan dattijo ya ba ka tarihi, zai ce ai an yi abubuwa. Amma ka ajiye masa tashar a kan tebur ka ce, Baba, nan ne ofishin tikiti ko? Wallahi sai ya gyara zama ya ce a'a, matsar da shi gabas, daga nan sai labari ya ɓalle.

Na san za a ce kuɗi, kuma gaskiya ne: kan jirgi ɗaya na kamfanin Hornby ko Märklin, da canjin yau, ba na mai albashi ba ne. Amma ƙungiya ba ta buƙatar goma. A yi karo-karo a sayi kan jirgi guda na hannu da ɗan dogo, sauran duk kwali ne da katako da yashi da gam. Batirin mota ko ƙaramar sola sun isa, ba sai an jira wuta ba. Akwai ma wata dabara da ta dace da mu. Tsohon dogonmu faɗinsa milimita 1,067 ne, bai kai na Abuja zuwa Kaduna mai 1,435 ba. In ka rage komai sau 64, sai dogon HO na milimita 16.5, wanda ya fi sauƙin samu, ya zo kusan daidai da namu. Haka mutanen Niyu Zilan suke yi, don dogonsu irin namu ne. A wannan ma'auni dandamalin tasha mai mita 100 bai wuce mita ɗaya da rabi da ɗan ɗori ba, aji ɗaya na makaranta ya ɗauke tashar Bauchi dukanta. Wanda kuma yake da waswasi a kan 'yan mutum-mutumin da ake jerawa, ya bar su, jirgi da gada da gini sun wadatar.

Taragon irin namu ba za a same shi a kanti ba, sai an ƙera da hannu, kuma ba a ƙerawa sai da hoto da awo. Don haka wanda mahaifinsa ko kakansa ya yi aikin reluwe a Bauchi ko Gombe, don Allah ya duba cikin tsohuwar adaka ko akwai hoton tasha ko na jirgi, ko da ya koɗe. Kafinta da mai gyaran rediyo ba za su yi wuyar samu ba, hoton ne matsalar.