Kallon bidiyo daban, riƙe kwalbar gwaji daban

Labarin cewa an saka darussan sarrafa ƙwayoyin halitta kyauta a intanet ya yi daɗi, amma kada murna ta yi yawa. Fannin ba na wasa ba ne. Da irinsa aka sa ƙwayar bakteriyar E. coli ta riƙa samar da insulin na masu ciwon suga, yana kasuwa tun 1982, kuma aka sa yis ya fitar da sinadarin haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro. To ɗalibi a Katsina ko Damagaram ta yaya zai ƙware a waya kawai? Sinadaran gwajin sai da firji, wuta kuwa kun san halinta.

Ni abin da ya burge ni kayan BioBits ne, wato kayan gwaji na koyar da ɗalibai da masana a Amurka suka fitar a 2018. An busar da su, ba ruwansu da sanyi. Ka ɗiga ruwa da DNA (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta), washegari ka haska fitilarsu ka ga kwalbar tana ƙyalli. Irinsu ya kamata a kai makarantun sakandare, amma a fara horar da malaman bayoloji tukuna. Kuɗin shiga iGEM ma, wato gasar duniya ta ɗalibai a wannan fanni, a rage wa jami'o'inmu, ya yi tsada.