Gayyar matasan Sudan da abin da ke saura bayan an watse daga dandali

Duk lokacin da aka zo maganar matasa da kawo sauyi, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne dandali cike maƙil, hayaƙi mai sa hawaye, da shugaba yana neman hanyar tsira. Mun gani a Masar a 2011, mun sake gani a Bangladesh a Agustan 2024, ranar da Firaminista Sheikh Hasina ta tsere Indiya. Ni kuwa hoton da ya fi tsaya mini a rai daga Sudan ya fito: ƙatuwar tukunya a kan murhu a wata unguwa ta Omdurman, saurayi na juya wake da muciya, mata da yara sun jera robobinsu a ƙasa suna jiran layi ya zo kansu.

Wannan tukunya tana da asali. A Disambar 2018 farashin burodi ya ninka sau uku, mutanen Atbara suka fito titi, wutar ta kama sauran garuruwa. Ranar 11 ga Afrilun 2019 mulkin Omar al-Bashir na shekara 30 ya faɗi. Waɗanda suka riƙe wannan yunƙuri daga tushe su ne kwamitocin gwagwarmaya na unguwanni, samari da 'yan mata da ba su da ofis, ba su da wani shugaba guda da za a saye ko a ɗaure a huta. Bayan Bashir ya tafi ba su koma gida sun miƙe ƙafa ba. Sun riƙa tsayawa a gidajen burodi suna ƙirga buhunan fulawa mai tallafi don kada a karkatar da ita, suna sa ido kan rabon iskar gas ta girki. Aiki ne mai gajiyarwa wanda babu mai ɗaukar hotonsa, amma ta nan suka san kowane lungu, suka san gidan da ke da mai ciwon suga da gidan da tsohuwa ke zaune ita kaɗai.

Sojoji sun ƙwace mulki a Oktoban 2021, sannan ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin rundunar sojan ƙasar ta Janar Burhan da dakarun kar-ta-kwana na RSF da Hemedti ke jagoranta. Asibitoci suka rufe, ma'aikatan agaji na waje da dama suka fice. A cikin kwanaki kaɗan waɗancan matasa suka kafa ɗakunan agajin gaggawa. Suka buɗe wuraren girkin unguwa da Sudanawa ke kira takaya, suka kwashe majinyata, suka gyara famfunan ruwa, da kuɗin da 'yan uwa mazauna ƙetare ke turowa ta manhajar Bankak. Ɓangarorin biyu duka sun kama wasunsu, an kashe wasu. Da Amurka ta dakatar da tallafin hukumar agajinta ta USAID a farkon 2025, tukwane da yawa suka huce, amma aikin bai mutu ba.

Sudanawa na cewa tushen wannan aiki shi ne nafir. Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa, gayya ce tsantsa, irin wadda ake yi wa maƙwabci a gona ko ranar rufin ɗaki.

Wani zai ce ai sun fāɗi, tunda mulkin farar hula da suka nema bai samu ba, ƙasar kuma ta ruguje. Wannan magana tana da nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Kwamitin unguwa ba ya tsayar da jirgin yaƙi. Sai dai a tuna da Masar, inda matasan dandalin Tahrir suka ture Mubarak cikin kwana 18, amma da zaɓe ya zo waɗanda suka daɗe da tsara kansu a cikin jama'a suka kwashe, daga baya soja ya karɓe. A Sudan, aƙalla, akwai yaran da suka kwana da abinci a ciki saboda wasu sun daɗe da sanin ƙofar gidansu.

A nan ne abin ke yi mini ciwo idan na waiwayo gida Najeriya. Tun Mayun 2018 aka sa hannu kan dokar da ta bai wa ɗan shekara 25 damar tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai. Amma a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, kashi 27 cikin ɗari kacal na masu rajista suka fito. Samarinmu masu kaifin baki suna ƙarar da data wajen kare uban gida a Facebook, wasu kuma an bar su da jagaliya. Alhali muna da ƙungiyoyin unguwa masu yashe kwata kafin damina, da masu gyaran maƙabarta, da 'yan agajin masallaci. Su nake so in ga sun ƙara taki ɗaya: su nemi kasafin ƙaramar hukuma su karanta, su je asibitin sha-ka-tafi na mazaɓarsu su ƙirga maganin da aka ce an kawo, su zaunar da kansila a ƙofar mai unguwa ya faɗi inda kuɗin rijiyar burtsatse ya shiga.